Walda a Jikin Tirelar Tafi-da-Gidanka: Yadda Tartsatsi Ɗaya Ke Cinye Gida

'Yan'uwa ɗalibai, da yawa daga cikinmu idan an ba da hutu ba ma zaman gida. Wani yana zuwa shagon tela, wata tana koyon girki ko saƙa, wasu kuma suna tafiya garejin makanikai ko rumfar masu walda. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai walda ya ga yadda tartsatsi ke tashi kamar wasan wuta, ya zuba a ƙasa, ya mutu. Saboda kullum muna ganin yana mutuwa, sai mu ɗauka ba ya iya yin komai. A wannan makon za mu duba abin da ke faruwa idan tartsatsin bai mutu ba. Misalin da muka zaɓa shi ne wani irin gida mai taya da ake ja da mota a Amurka da Turai, domin da wuya a sami wani abu da ya tara ƙarfe da katako da soso da gas da lantarki a ɗan ƙaramin wuri kamarsa. Wanda ya fahimci yadda ake yi wa wannan gida walda ba tare da an ƙone shi ba, ya fahimci rabin ilimin kare kai daga gobara a wurin aiki.

Wane irin gida ne wannan?

A Amurka da Kanada da Ostireliya da ƙasashen Turai, iyalai da yawa suna da tirela ta musamman da suke maƙala wa bayan mota idan za su tafi hutu. A cikinta akwai gado, da wurin zama, da ɗan kicin mai murhun gas da firji, da banɗaki. Idan sun isa bakin tafki ko gindin dutse sai su kwance ta daga motar su zauna a ciki kwana da kwanaki. Mu a nan za mu kira ta tirelar tafi-da-gidanka. Garin Elkhart da ke jihar Indiana ta Amurka ya yi suna wajen ƙera irin waɗannan tireloli, har ana yi masa kirari da babban birnin wannan sana'a. Akwai kuma samfurin Airstream mai jikin alminiyam mai ƙyalli, wanda wani Ba'amurke mai suna Wally Byam ya fara ƙerawa a shekarun 1930.

Idan muka leƙa ƙarƙashin tirelar, abin da za mu fara gani shi ne shasi, wato ƙarafan da ke ɗauke da dukkan nauyinta. A kan shasin aka shimfiɗa daɓen katako. Bangon kuma falle-falle ne: alminiyam ko wani irin roba mai tauri daga waje, siririn katako daga ciki, a tsakaninsu an cusa abin tare zafi da sanyi. Sau da yawa wannan abin shi ne farin soson nan da ake naɗe sabuwar talabijin ko firji da shi a cikin kwali. A ƙarƙashin daɓen akwai tankunan ruwa na roba, da wayoyin lantarki, da bututun gas, kuma a tireloli da yawa an rufe wannan duka da wani faifan roba don kada ruwa da ƙura su shiga. A gaba, a kan ƙarfen da ake maƙala wa mota, galibi nan ake ɗora tukwanen gas da batir.

Tafiya mai nisa da ramukan hanya suna gajiyar da ƙarfe. Wata rana maƙalar sifirin za ta tsage, ko shasi ya dare, ko tsatsa ta ci ƙarfen gaba, ko kuma mai tirelar ya so a ƙara masa wurin ɗora kekuna a baya. Duk waɗannan aikin mai walda ne. Matsalar ita ce wurin da za a yi waldar bai fi tazarar yatsu kaɗan ba daga katako da roba da bututun gas.

Duwatsun murhu uku

A darasin kimiyya an koya mana cewa wuta ba ta kamawa sai abu uku sun haɗu: abin da zai ƙone, da iskar oksijin, da zafi. Mu ɗauke su kamar duwatsun murhu. Idan aka zare ɗaya, tukunya ba za ta zauna ba. Oksijin yana nan ko'ina, domin kusan kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa shi ne, don haka ba mu da yadda za mu yi da shi. Zafi kuwa shi ne aikin mai walda. Ƙarfe yana narkewa ne a wajen digiri 1,500 a ma'aunin Salshiyos, harshen wutar waldar gas yana haura digiri 3,000, hasken waldar lantarki kuma ya fi haka zafi. Katako kuwa yana iya kamawa a wajen digiri 300, farin soso ma tun kafin nan ya narke ya fara ɗiga. Tunda ba za a iya cire iska ba, ba za a kuma iya yin walda babu zafi ba, dutsen da ya rage a zare shi ne na farko. Dole a raba abin ƙonewa da wurin aiki.

Ƙofofi huɗu da wuta ke shigowa

Ƙofa ta farko ita ce tartsatsi da ɗigon narkakken ƙarfe. Waɗannan ƙananan dunƙule ne masu zafin da ya haura digiri 1,000. Suna tsalle, suna gangarawa, suna faɗawa cikin rami ko tsaga inda ido ba ya kai wa. Injin goge ƙarfe da na yanka ma suna watsa tartsatsi, wani lokaci nesa fiye da na walda. Shi ya sa hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, da ƙungiyar kare gobara ta ƙasar, NFPA, suka sa dokar ƙafa 35, wato kusan mita 11. Duk abin da zai iya kamawa a cikin wannan tazara, ko dai a kwashe shi ko a rufe shi da abin da wuta ba ta ci. Idan kuna son ku gane nisan, ku tuna filin ƙwallo: daga inda ake ajiye ƙwallo a bugun fenariti zuwa layin raga, mita 11 ne.

Ƙofa ta biyu ita ce zafin da ke bi ta cikin ƙarfe. Duk wanda ya taɓa barin cokali a cikin tukunyar miya ya san wannan. Mai walda yana aiki a wannan fuskar ƙarfen, yana ganin komai lafiya, alhali a ɗaya fuskar ƙarfen yana manne da katakon daɓe ko soso ko waya. Katakon zai fara yin baƙi, ya koma gawayi, ya riƙa ci a hankali babu harshen wuta. Alminiyam ya fi ƙarfe saurin kai zafi nesa, kuma yana da wata yaudara: yana narkewa a digiri 660 ba tare da ya yi ja ba, don haka ido ba zai nuna mana cewa ya yi zafi ba.

Ƙofa ta uku ita ce gas. Tirelolin Amurka suna amfani da gas ɗin furofen, ɗan'uwan wanda muke girki da shi a gida. Wannan gas ya fi iska nauyi, saboda haka idan ya tsiyaye ba ya tashi sama, sai ya kwanta a ƙasa ya taru a kwari, daidai inda mai walda ke kwance yana aiki. Wannan ne dalilin da ya sa a cikin tirelar ake kafa na'urar gano gas a kusa da daɓe, ta gano hayaƙi kuma a jikin rufi. Idan furofen ya kai kashi 2 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa. Rufe bakin tukunya kaɗai bai wadatar ba, domin akwai sauran gas a cikin bututu. Batir ma yana da nasa: batirin ruwa yana fitar da iskar haidirojin lokacin caji, ita ma mai saurin kamawa ce.

Ƙofa ta huɗu ita ce lantarkin waldar kansa. Injin walda yana da waya biyu. Ɗaya tana riƙe da sandar walda, ɗayar kuma tana da maƙala da ake damƙa wa ƙarfen don wutar ta koma inji. Wutar da ke bi ta nan tana iya haura amfiya 100. Idan aka damƙa maƙalar nesa da wurin aiki, ko a kan fenti da tsatsa, wutar za ta nemi wata hanya. Tana iya bi ta siraran wayoyin fitila da na birki waɗanda ba a yi su don ɗaukar irin wannan nauyi ba, su yi zafi su narke a cikin bango. Tana iya bi ta boris ɗin taya ta lalata shi, ko ta bututun gas.

Abin da ya faru a Jamus da New York

Ranar 11 ga Afrilu, 1996, wasu ma'aikata suna walda a kan wata hanyar mota da ta bi ta saman ginin filin jirgin sama na Dusseldorf a Jamus. Ɗigon narkakken ƙarfe ya bi ta wata tsaga ya faɗa cikin silin ɗin zauren da ke ƙasa, inda aka shimfiɗa irin farin soson nan. Wutar ta daɗe tana ci a ɓoye tsakanin silin da rufi, masu waldar suna sama ba su sani ba, matafiya suna ƙasa ba su sani ba. Ba a sanar da 'yan kwana-kwanan filin jirgin cewa za a yi walda ba, don haka babu wanda aka ajiye ya sa ido. Da wutar ta bayyana, baƙin hayaƙi ya cika ginin. Mutum 17 suka rasu, kuma hayaƙin ne ya kashe su, wasu a cikin lif. Ku lura da kamannin wannan da tirelarmu: ƙarfe a waje, soso a ɓoye, tsaga a tsakani.

Tun kafin nan, ranar 9 ga Fabrairu, 1942, wani katafaren jirgin ruwan Faransa mai suna Normandie yana tsaye a tashar New York, ana sauya shi don ya riƙa ɗaukar sojojin Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu. Tsawonsa ya haura mita 300. Tartsatsi daga wutar wani ma'aikaci ya faɗa kan tarin rigunan ceto da aka jibge a kusa. Abin da aka cusa a cikin rigunan shi ne audugar rimi, wadda muka sani a nan gida ana yin matashin kai da ita, kuma mun san yadda take kamawa. An riga an kashe na'urorin kashe gobara na jirgin saboda aikin da ake yi. Ruwan da 'yan kwana-kwana suka antaya ya taru a gefe ɗaya, jirgin ya karkace ya kife a cikin dare, kuma bai sake tafiya ba. Da an matsar da rigunan nan kafin a fara aiki, da labarin bai kai haka ba.

Kafin a kunna inji

Aikin kariya yana farawa ne daga mai tirelar, tun kafin ya kai ta gareji. Shi ya san inda bututun gas ya bi, da inda batir yake, da abin da ya ajiye a cikin akwatunan gefe. Ya kamata ya kwashe katifa da bargo da tufafi da jarkar fetur ta janareta da gwangwanayen feshi daga kusa da wurin da za a yi aiki, ya kuma gaya wa mai walda duk abin da ke bayan ƙarfen. Yana da kyau ya tambaya ko mai waldar ya taɓa aiki a kan irin wannan tirela, domin wanda ya saba da ƙofofi da tagogi bai zama lallai ya san abin da ke ɓoye a ƙarƙashin daɓe ba.

Tambaya ta farko da mai walda nagari ke yi wa kansa ita ce: za a iya kwance wannan ƙarfen a kai shi can gefe a yi masa walda? Ko za a iya ɗaure shi da kusoshi masu noti maimakon walda? Idan amsar e ce, an gama da haɗari tun ba a fara ba. Idan dole sai a jikin tirelar, to sai a bi mataki-mataki.

A fito da tirelar fili ko wuri mai iska, a kan siminti ko tsurar ƙasa, nesa da busasshiyar ciyawa. A raba ta da motar da ke janta, har da wayar da ke haɗa fitilunsu. A kashe firji da tukunyar dumama ruwa da duk abin da ke aiki da gas. A rufe tukwanen gas, a kunna murhu har sauran gas ɗin da ke cikin bututu ya ƙone wutar ta mutu da kanta, sannan a kwance tukwanen a kai su can nesa, a buɗe ƙofa da tagogi iska ta ratsa. A zare wayar wutar gari, a kashe ta faifan sola idan akwai, a cire kan batir, a fara da mai alamar ragi. Idan aikin yana kusa da batirin, a ɗauke shi gaba ɗaya.

Daga nan sai a kwance faifan robar da ke ƙarƙashi, a haska tocila a duba bayan ƙarfen da ido. A janye soso da wayoyi da bututu. Abin da ba zai janyu ba, kamar katakon daɓe, a sa faifan ƙarfe ko bargon walda a tsakani. Bargon walda wani mayafi ne da aka saƙa da zaren gilashi, wuta ba ta cinsa. A toshe duk ramin da tartsatsi zai iya shiga. A goge fenti da giris da tsatsa daga wurin, a damƙa maƙalar injin a kan tsurar ƙarfe daf da inda za a yi waldar. A ajiye tukunyar kashe gobara mai hoda inda hannu zai kai, da bokitin ruwa da na yashi. Kada a bar kowa a cikin tirelar, yaro ko babba ko dabba.

Mai gadin wuta

Mai walda yana kallon duniya ne ta baƙin gilashi. Ban da hasken waldarsa ba ya ganin komai, ƙarar inji kuma ta cika masa kunne. Wuta tana iya kamawa a bayan ƙafarsa bai sani ba. Saboda haka dokar Amurka ta ce idan akwai abin ƙonewa a kusa, dole a ajiye mutum na biyu wanda ba shi da wani aiki sai kallo. Ba ya miƙa kaya, ba ya danna waya, ba a aikensa sayen ruwa. Yana riƙe da tukunyar kashe gobara, yana bin tartsatsi da ido, yana leƙa cikin tirelar, yana shaƙar iska ko zai ji ƙauri, kuma yana da ikon cewa a tsaya. Shi ma mai waldar zai taimaka idan yana yin aikin guntu-guntu, yana barin ƙarfen ya huce a tsakani.

Aikin mai gadin ba ya ƙarewa da kashe inji. Dokar OSHA ta ce ya ci gaba da tsaro aƙalla minti 30 bayan an gama. NFPA, a bugun 2019 na ƙa'idarta mai lamba 51B, ta ɗaga wannan zuwa awa ɗaya. Dalili shi ne abin da muka gani a Dusseldorf: wutar da ke ci a ɓoye tana ɗaukar lokaci kafin ta fito. A cikin wannan awa ana shafa bango da daɓe da bayan hannu, ana buɗe akwatuna, ana duba ƙarƙashi. Bai kamata a mayar da faifan roba a rufe wurin ba sai ƙarfen ya yi sanyi. Idan an mayar da tukwanen gas, a shafa ruwan sabulu a kan kowace mahaɗa. Inda ya yi kumfa, nan ne gas ke fita. Ba a neman tsiyayar gas da ashana.

Abubuwan da ba a kai wa wuta

Akwai abubuwan da ko gwani ba ya yi musu walda da garaje. Na farko shi ne tanki ko duro da ya taɓa ɗaukar mai. Mutane suna cewa ai babu komai a ciki, alhali duron da babu komai a ciki ya fi cikakke haɗari, domin tururin mai da iska ne suka cika shi. Mu yi lissafi. Tururin fetur yana kamawa idan ya kai kashi 1.4 cikin 100 na iska. Duro mai lita 200 yana buƙatar tururin da bai kai lita 3 ba. Fetur ɗin da zai ba da wannan tururi bai wuce cokali biyu na cin abinci ba, kuma irin wannan ragowar tana maƙalewa a lungun duro ko bayan an ɗauraye shi.

Na biyu shi ne tukunyar gas, ta girki ko ta mota. Ba a yi mata faci. Idan ta lalace an gama da ita. Na uku shi ne ƙarfen taya alhali tayar tana jikinsa. Zafi yana sa robar ta fara ruɓewa daga ciki tana fitar da iska mai kamawa, matsi ya hau, tayar ta fashe da ƙarfin da zai iya kashe mutum, wani lokaci bayan an daɗe da gama waldar. Sace iskar tayar bai isa ba, sai an cire ta daga ƙarfen.

Ina ruwanmu da tirelar Turawa?

Wani zai ce mu da ba mu da irin wannan tirela, me ya kai mu? Mu duba unguwanninmu. Kwantenar da aka mayar shago ko ofis, aka yi mata silin da katako da soso, aka ja mata waya, gininta ɗaya da na tirelar nan. Haka ɗakunan ƙarfe da kamfanonin gine-gine ke ajiyewa a wurin aiki. Haka bas mai kujerun soso, da A Daidaita Sahu mai rumfar tamfol da tankin fetur daf da inda ake yawan yi mata walda, da tirelar da aka loda wa auduga ko buhunan gawayi ta tsage a hanya aka kira mai walda ya same ta da kayanta. Rumfunan walda da yawa suna maƙwabtaka da masu sayar da katako ko katifa ko fetur a jarka. Idan hunturu ya shigo, komai ya bushe, iska kuma tana kaɗawa, tartsatsi yana tafiya nesa fiye da yadda aka saba. Hausawa suka ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga masu zuwa koyon walda, akwai abin da ya shafi jikinku kai tsaye. Jesin ƙwallo da yawancinmu ke sawa zaren roba ne, idan wuta ta taɓa shi narkewa yake yi ya manne da fata. Ku sa tufafin auduga mai kauri da dogon hannu, da takalmi rufaffe, ku bar silifas a gida. Kada ku bar laita a aljihu. Kada ku kalli hasken walda da tsurar ido ko daga nesa, domin yana ƙona fatar ido, ciwon kuma sai dare yake tashi kamar an zuba yashi. Baƙin tabarau na kwalliya ba ya tare wannan haske. Idan ana waldar gas, kada mai ko giris ya taɓa bakin tukunyar oksijin, domin haɗuwarsu kaɗai tana iya ta da wuta.

Idan wuta ta tashi

Abu na farko shi ne ihu, kowa ya sani, a kashe inji. Idan wutar ƙarama ce kuma hanyar fita tana bayanku, a ɗauki tukunyar kashe gobara, a zare ƙusarta, a saita bakin a gindin wutar, a matsa, a riƙa kaɗawa dama da hagu. Ƙaramar tukunya ba ta wuce daƙiƙoƙi kaɗan take ƙarewa, don haka ba a ɓarnatar da ita a kan hayaƙi. Ba a zuba ruwa a wutar fetur ko ta lantarki. Yashi ya fi dacewa da fetur ɗin da ya zube a ƙasa. Idan wutar ta shiga cikin bango, ko ta doshi tukunyar gas, ko hayaƙi ya yi baƙi, a bar ta, a janye kowa nesa ta ɓangaren da iska ke fitowa, a kira 'yan kwana-kwana. Lambar gaggawa ta ƙasa a Najeriya ita ce 112, kuma yana da kyau kowane shago ya rubuta lambar hukumar kashe gobara ta jiharsa a bango. Kada wanda ya koma ciki don ɗauko waya ko kuɗi. Hayaƙin soso da roba guba ne, shaƙa kaɗan ke sa mutum ya faɗi.

Wanda tufafinsa suka kama kada ya gudu, gudu hura wutar yake yi. Ya tsaya, ya kwanta, ya rufe fuska da hannu, ya yi ta birgima. Ƙuna kuma a sa ta ƙarƙashin ruwa mai sanyi mai gudana na minti 20, a cire zobe ko agogo kafin wurin ya kumbura, a rufe da tsumma mai tsabta, a tafi asibiti. Kada a shafa man goge baki ko manja ko ɗanyen ƙwai ko bakin mai, kada kuma a ɓamɓare tufafin da ya manne da fata.

Yadda za mu faɗa wa Oga

Mun san yaron shago ba ya gyara wa maigidansa aiki a gaban mutane, kuma ba muna cewa ku yi haka ba. Amma akwai hanyar da ladabi ya yarda da ita. Kafin a fara, kana iya cewa: “Oga, in kawo bokitin yashi kusa?” ko “Maigida, in matsar da jarkar nan can baya?” ko “Oga, bari in leƙa ciki in ga ko akwai soso a bayan ƙarfen.” Da wuya a sami maigidan da zai ƙi yaron da ke kare masa shago da dukiyar abokin ciniki. Idan kuma aka ce ka riƙe duron mai ko tankin babur za a yi masa walda, ka ba da haƙuri ka ja baya, ka kuma gaya wa iyayenka idan ka koma gida. Wannan ba rashin kunya ba ne.

Ga aikin gida na wannan makon. Ku sami wata rumfar walda a unguwarku, ku gaida mai ita, ku nemi izini, ku tsaya nesa ba tare da kallon hasken ba. Ku ƙiyasta mita 11 daga inda yake aiki, wato taku 14 ko 15 na babban mutum, ku rubuta duk abin da zai iya kamawa a cikin wannan da'ira. Ku kai jerin ga malamin kimiyya ko na fasaha ku tattauna a aji: wanne za a iya kwashewa, wanne za a rufe, wa zai zama mai gadin wuta? Waɗanda suka yi, su aiko mana da abin da suka gano tare da sunan makarantarsu. Allah Ya kare mu daga gobara, Ya sa albarka a sana'ar da muke koyo.